Tamojin Goshi: Abin da Ke Kawo Shi da Yadda Za Ki Rage Shi

Sana'ata gyaran amare ce, dilka da halawa da lalle, a wani ƙauye da ke tsakanin Kura da Kadawa. Amma rabin matan da ke shigowa gidana ba amare ba ne. Iyayen amare ne da yayyensu, waɗanda za su rako yarinya su zauna a kan tabarma suna kallo, sai can an kusa tashi ɗaya ta matso ta rage murya: "Yaya, ni kuwa wannan layin na goshina, babu abin da za a shafa ya tafi?" Amsar da nake bayarwa ba kowa take yi wa daɗi ba. Layin da ya riga ya zauna, wanda ana ganinsa ko kina barci, babu man da ke cikin kwalba da zai share shi tas. Ana rage shi, ana hana shi ƙara zurfi, wanda bai fito ba kuma ana jinkirta shi shekaru masu yawa. Kuma mafi yawan abubuwan da ke yin wannan aikin ba su da tsada, wasu ma kyauta ne.

Fara da madubi

Kafin ki sayi komai, ki wanke fuska, ki fito tsakar gida inda akwai haske, ki riƙe madubi. Ɗaga gira sama kamar an ba ki labarin mamaki, sannan ki saki fuskar gaba ɗaya. Idan layukan sun ɓace da kika saki, to na motsi ne, ba su zauna ba tukuna, kuma ke ce kika fi kowa sa'a. Idan suna nan daram ko da kin saki, sun zauna. Akwai kuma wani iri na uku da ke ruɗar mata da hunturu: ƙananan layi-layi birjik, fata ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Wannan bushewa ce kawai. Kwana uku na shafa mai yadda ya kamata ya isa ya kore ta, kada wani ya sayar miki da maganin tsufa a kanta.

Ga yadda abin yake a ciki. Akwai tsoka mai faɗi da ta shimfiɗu daga gira zuwa gaban gashin kai, aikinta ɗaya ne, ɗaga gira. Duk sanda ta ja, fatar da ke kanta sai ta naɗe, shi ne layukan da ke kwance. Tsakanin girar biyu kuma akwai wasu ƙananan tsokoki da ke jan gira ciki da ƙasa in mutum ya haɗe rai ko ya ƙanƙance ido, su ne ke haifar da layi biyu a tsaye a saman hanci. A ƙarƙashin fatar da muke gani akwai zaruruwa iri biyu da likitoci ke kira kolajin da ilastin. Na farko shi ke ba fata kauri da ƙarfi, na biyu shi ke sa ta koma yadda take in an ja ta. Yarinya 'yar sha biyar za ta yini tana yatsina fuska, fatar ta koma sumul. Daga wajen shekara ashirin da wani abu jiki yana fara rage kolajin, kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. Mace kuma in al'ada ta ɗauke mata, raguwar kan yi sauri sosai, har kusan kashi 30 cikin 100 a shekara biyar na farko. Shi ya sa za ki ga mace ta riƙe fuskarta har arba'in da biyar, sai kuma cikin ɗan lokaci a ce ta tsufa, a fara tambayar ko ciwo take yi ko kishiya aka yi mata.

Ki dubi takalmin fata. Daidai inda yatsu ke lanƙwasawa nan yake yin layi, don nan ake naɗe shi kullum. Wanda ake bari a rana ba a shafa masa mai, layin zai zama tsaga. Wanda ake ajiyewa a inuwa ana shafe shi, layin zai fito amma da laushi. Naɗewa da rana da bushewa, su ukun nan ne, kuma gado yana da nasa rabon: in mahaifiyarki ta yi tamoji da wuri, ki fara kiyayewa da wuri.

Mu baƙaƙen fata Allah Ya ba mu wata garkuwa. Sinadarin da ke sa fata baƙi yana tare wani kaso na hasken rana, shi ya sa tamoji yake jinkirin fito mana da shekara goma ko fiye in aka kwatanta da Turawa. Garkuwar ba cikakkiya ba ce, kuma ita ce dai wasu ke biyan kuɗi su kankare. Zan zo kan wannan.

Rana

A nan yankin namu babu abin da ke cin goshin mace kamar aikin shinkafa. A jiƙa, a turara a kan wuta, a kwashe a baza a kan tamfol, sannan a yi ta juyawa daga hantsi har la'asar. Mace tana tsaye a fili, rana daga sama, hasken tamfol da na siminti daga ƙasa. Haka masu tsinkar tumatir a gonakin noman rani da masu yanka shi suna shanyawa. Rana tana yin ɓarna ta hanya biyu a lokaci guda. Akwai wani ɓangare na haskenta da ido ba ya gani, yana ratsa fata ya kai can ƙasa ya tsinka kolajin da ilastin a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma yana ratsa gajimare da hazo, don haka ranar da gari ya lumshe ma yana aiki. Sannan ƙyallin yana sa ki ƙanƙance ido ki haɗe gira awa biyar ko shida ba ki sani ba. Fata tana raunana, kuma ana naɗe ta a wuri ɗaya. Ban taɓa ganin mai turara shinkafa ta shekara goma a sana'ar goshinta bai nuna ba.

Ba zan ce ki bar sana'arki ba, da ita kike ci da 'ya'yanki. Abin da zan ce shi ne ki sayi malafa. Malafar kaba mai faɗin baki, irin wadda maza ke sawa a gona, ki ɗora a kan hijabi ko ɗankwali. Hijabi yana rufe kai da wuya amma goshi da kumatu a buɗe suke, malafa kuwa tana jefa inuwa har haɓa, kuma da zarar inuwa ta sauka a ido, girar da kanta take sakin jiki. Na san abin da ke hana mata: kunya, kada a ce ta zama namiji ko a yi mata dariya a hanya. To a hanya ki riƙe ta a hannu ko ki ɗauki lema, in kin isa wajen shanya ki sa. Wadda ta yi miki dariya bana, baɗi ita za ta aiko a ara.

Sai lokaci. Rana ta fi cutarwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. In babu agogo ki dubi inuwarki a ƙasa: muddin ta fi ki gajarta, lokacin neman rumfa ne. Ki baza shanya da wuri, ki kafa 'yar rumfar zana ko ta buhu a gefe, ki fita ki juya ki dawo, maimakon ki zauna a bakin tamfol kina korar kaji da rana a ka. Korar kaji daga inuwa ma ana yi, da doguwar sanda.

Baƙin tabarau yana taimakawa ƙwarai, musamman ga masu hawa babur da direbobi. A duba wanda aka rubuta UV400 a jikinsa. Wanda baƙi ne kawai ba shi da wannan kariyar zai hana ƙanƙance ido, amma ba zai kare idon kansa ba.

Akwai man kariya daga rana da ake sayarwa a manyan kemis na Kano, za ki ga an rubuta SPF da lamba a jiki. Ki nemi 30 ko sama. Yana aiki, ba talla ba ce. An yi bincike a Ostareliya da mutum fiye da 900 tsawon shekara huɗu da rabi, aka fitar da sakamakon a 2013: waɗanda suke shafawa kullum, tsufan fatarsu ya yi ƙasa da na masu shafawa in sun ga dama da kashi 24 cikin 100. Ana shafa shi da safe a kan man shafawa, a maimaita bayan kamar awa biyu in ana cikin rana ana gumi, kuma alwala tana wanke shi, sai an sake. Wasu suna barin fari-fari a baƙar fata, ki gwada a bayan hannu kafin ki biya. Gaskiya yana da tsada ga macen ƙauye. In kuɗin abu ɗaya gare ki, malafa ce farko.

A duba ido

Wannan shi ne abin da kusan babu wanda ke kawowa a ransa. Daga wajen shekara arba'in ido yana fara gaza ganin abu na kusa, ga kowa, ba ciwo ba ne. Sai mace ta riƙa miƙa allura nesa tana neman kafar zare, tana haɗe gira wajen tsintar shinkafa, wajen karatun Alƙur'ani da daddare da hasken tocila, wajen duba saƙo a waya. Gwaggona mai ɗinkin hula tana da layi biyu a saman hanci masu zurfin da har yara ke tsoronta, suna cewa kullum cikin fushi take, alhali babu mai raha kamarta. Da aka kai ta asibitin ido na ECWA da ke Kano aka ba ta tabarau na karatu, layukan ba su ɓace ba, amma fuskar ta saki, ciwon kan da take yi duk yamma ma ya tafi. In kina ƙanƙance ido kafin ki gane wanda ke tahowa daga nesa, ko kina nisanta waya kafin ki karanta, a auna idonki. Ki kuma sa yaro ya ƙara miki girman rubutun wayar.

Wasu tsofaffi kuma fatar idonsu ta sama ce ke saukowa, sai su riƙa ɗaga gira duk yini don su gani sosai. Irin wannan goshin yana cika da layuka a kwance, kuma maganinsa yana wajen likitan ido, ba wajen mai sayar da mai ba.

Ɗabi'a ma tana ciki. Akwai mai haɗe girar sama da ta ƙasa ko tana lissafin kuɗin adashe, akwai mai ɗaga gira duk kalmar da za ta faɗa. Ki riƙa ɗora yatsa a goshi lokaci-lokaci, in kin ji ya tattare ki sake shi. Ba na cewa ki daina dariya ko ki zama gunki.

Hayaƙi kuwa, na itace da na kara da muke sha a madafa da wajen turara shinkafa, yana tsufar da fata. Wani bincike da aka yi a kan matan ƙasar Sin ya nuna masu girki da itace ko kwal sun fi masu gas yawan tamoji. Ki yi girki a inda iska ke wucewa, da busasshen itace, ki hura wuta da mafici maimakon ki sunkuya da fuska a bakin murhu ido na hawaye. Taba sigari da shisha sun fi wannan muni, suna takure ƙananan hanyoyin jini na fata suna cinye kolajin. Matasan da suka ɗauki shisha wayewa su ji.

Bilicin

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne nake ganin ɓarna da idona. Mai dilka tana taɓa fata, ba kallo kawai take yi ba. In amarya ta kwanta na ɗora hannu a goshinta, kafin ta yi magana na san ko tana shafe-shafe. Fatar takan yi sheƙi, ta yi siriri, ana hango korayen jijiyoyi ta gefen goshi, in kin ɗan tattaro ta da yatsa biyu sai ta yi ƙananan layuka masu yawa ta daɗe ba ta koma ba. Kunnuwa da gaɓoɓin yatsu baƙi, fuska ja. Irin wannan ba na sa mata halawa ko kaɗan, don fatar za ta iya biyo halawar. Na sha ganin yarinya ba ta kai ashirin da biyar ba goshinta ya fi na uwarta yamushewa, uwar da ba ta san wani mai ba sai man kaɗanya.

Dalili shi ne abin da ke cikin mayukan. Ki ɗauki kwalin ki ba wanda ya iya karatun boko ya duba miki. In an rubuta Clobetasol ko Betamethasone, wannan maganin ciwon fata ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. Shafa shi wata da watanni yana hana fata yin kolajin, ta sirance, ta yi nankarwa da ƙuraje. In an rubuta Hydroquinone, yana hana fata yin baƙin da ke kare ta daga rana, kuma in aka daɗe ana shafawa sai ya juya ya haifar da baƙin tabo mai kauri a goshi da kumatu wanda da wuya ya goge. Wasu kuma akwai zaiba a ciki, wadda ke taɓa ƙoda, kuma ba a cika rubuta ta a jiki ba. Mafi hatsari shi ne haɗin da ake zubawa a roba babu suna babu kwali, a ce na wata Hajiya ne daga birni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa fitar da cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Abin takaicin, da yawa daga cikin mayukan da ake tallatawa a Facebook da TikTok da sunan maganin tsufa, bilicin ne aka sauya wa riga. Sati biyun farko fuska za ta yi fes, ki ce kin samu. Wata shida sai goshi ya fara ba da labari.

In kina shafawa kin daɗe, kada ki yanke rana ɗaya ba shawara, musamman mai Clobetasol. Fuska kan yi bore, ta yi ja, ta yi zafi da ƙuraje, sai mace ta tsorata ta koma. Ki je wajen likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a tsara miki yadda za ki janye a hankali. Za ki yi duhu fiye da da na wasu watanni, mutane za su yi magana. Ki daure, ki riƙe malafa da mai, launinki na asali zai dawo.

Abin yi kullum

Wanke fuska sau biyu ya isa, safe da dare, ban da alwala. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, ko da hunturu. Sabulu mai laushi. Kada sabulun wanki ko na gari ya taɓa fuskarki, kuma ki raba ta da soson buhu. Sabulun salo yana da kyau ga mai maiƙon fuska, amma yana busarwa, don haka da hunturu ki rage, ki yi kumfar a tafin hannu ki shafa maimakon ki goga shi kai tsaye.

Sirrin shafa mai shi ne lokaci. Ki shafa fuska na da danshi, kafin ta bushe ƙarau, don mai ba ya kawo ruwa, tsare wanda ke wurin yake yi. Man kaɗanya ɗan kaɗan, a murza a tafi har ya narke, a dangwala a goshi a shafa a hankali. Basilin ma yana yi, musamman da dare a watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke tsotse komai. Mai yawan ƙurajen fuska ta sassauta hannu ko ta nemi mai marar nauyi. Ki sani dai man kaɗanya laushi yake sawa, yana sa layi ya rage fitowa a ido, amma ba ya maye gurbin inuwa.

Dilka a fuska, ni da nake sana'arta nake faɗa, sau ɗaya a sati biyu ya wadatar, da hannu mai sauƙi. Dirza ba ta goge layi, sai dai ta jawo baƙin tabo. Lemon tsami a goshi a fita rana ƙuna yake yi. Man goge baki da kanwa da toka duk na ji ana shafawa, ku bari don Allah. Farin ƙwai yana ɗame fata na awa ɗaya ko biyu, da an wanke shi ke nan, gara ki soya ki ci. Ranar biki kuma kada a lafta hoda a goshi mai layi, cikin layin take taruwa ta ƙara fito da shi. Mai tukuna, a jira ya shiga, sannan hoda shafe ɗaya.

Abinci ba sai na tsawaita ba. Jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C da abinci mai gina jiki, kuma muna da su: gwaba, lemo, tumatir, tattasai, zogale, garin 'ya'yan kuka, ga wake da gyaɗa da riɗi da kifi. A rage sukari da lemon kwalba. A sha ruwa daidai ƙishi, amma jarka guda ba za ta cike layin da ya zauna ba. Garin kolajin na sha da ake tallatawa, ciki narkar da shi yake yi kamar kowane nama, ni dai da kuɗin gara in sayi kifi. A samu barci.

Maza ma abin ya shafe su, nasu layin ma ya fi zurfi don tsokar goshinsu ta fi kauri, ga yinin gona. Maigida ya sa malafa a kan hula, ya shafa mai bayan wanka, ba ragwanta ba ce. Tabon sallah da ke tsakiyar goshi kuwa daban yake, kanta ce ta yawan sujada, ba ruwansa da wannan zancen.

Magungunan da aka tabbatar

A cikin duk abin shafawa, wanda likitocin fata suka fi yarda da shi shi ne dangin bitamin A: Retinol, da babban yayansa Tretinoin wanda likita ke rubutawa. Shi Tretinoin asali maganin ƙurajen fuska ne, daga baya aka lura yana sa fata ta ƙara yin kolajin, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙananan tamoji a 1995. Yana rage ƙananan layuka, yana sassauta matsakaita, ba ya share masu zurfi.

Ƙa'idarsa tana da tsauri, kuma sharaɗin farko shi ne: mai ciki, ko mai neman ciki, ba ta taɓa shi, mai shayarwa kuma sai ta tambayi likita. A ƙauye irin namu wannan kaɗai ya fitar da mata da yawa, kuma gara haka. Wadda ta tsallake, ga yadda ake yi. Da dare kawai. A wanke fuska a bari ta bushe sosai. A matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ita ce ta fuska duka, ba ta goshi kaɗai ba. A kauce wa gefen ido da gefen hanci da leɓe. A bi da man shafawa. A fara da dare biyu a sati, in fata ta karɓa bayan wata guda a ƙara. Za a ga ɗan saɓa da bushewa da farko. In ya kai ga zafi da ja, a dakata, don a baƙar fata duk inda ya ƙone baƙin tabo yake bari. Ba a haɗa shi da dilka ko halawa a fuska. Kuma dole a kiyaye rana fiye da da, don haka wadda ke yini a wajen shanya ba malafa ba man kariya, kada ta fara. Sakamako sai bayan wata uku zuwa shida. Duk wanda ya ce miki sati ɗaya, wani abu ya zuba a ciki.

Sai allurar Botox da kuke ji a bakin 'yan birni. Guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, aka tace ta, ake tsira ɗigo kaɗan a tsokar goshi ta daina motsi na ɗan lokaci. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, ita da mijinta likitan fata, su suka lura da wannan amfanin a 1987, lokacin da take yi wa masu ciwon ƙiftawar ido allurar. Amurka ta amince da ita don layin tsakanin gira a 2002, na kwance a goshi kuma a 2017. Tana fara aiki cikin 'yan kwanaki, ta cika a sati biyu, ta sake bayan wata uku zuwa huɗu, sai a koma a sake biya, kuma zuwa ɗaya ya fi kuɗin buhun shinkafa. Ta fi yi wa layin motsi aiki. In hannu bai ƙware ba, gira ko fatar ido kan faɗo ta yi makonni a haka. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa.

Akwai kuma allurar cike layi, wadda ake ɗura wani abu mai kauri a ƙarƙashin fata. A goshi da tsakanin gira ita ce mafi hatsari, don hanyoyin jinin wurin suna haɗe da na ido, in abin ya shiga ɗaya daga ciki ana iya makancewa nan take. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Duk allurar da za a yi a fuska, likita mai lasisi a asibiti, ba mai shagon kwalliya ba, ba mai kemis ba, ba ni ba.

Abu na ƙarshe ya fi duk na baya gaggawa. In aka wayi gari ɓari ɗaya na goshi ya yi sumul ya ƙi tattarewa, girar ta ƙi ɗaguwa, idon wannan ɓarin ya ƙi rufuwa, baki ya karkace, wannan jijiyar fuska ce ta samu matsala. A ƙauye an fi cewa iska ce ta bugi mutum, sai a zauna ana hayaƙi ana jira. A yi addu'a, amma a tafi asibiti ranar, don maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku, kuma yawancin masu wannan lalurar suna warkewa cikin makonni ko watanni. Kafin a isa, a rufe idon da tsabtataccen ƙyalle kada ya bushe ko ƙura ta shiga. In kuwa baki ya karkace amma goshi yana tattarewa ɓari biyu, ga hannu ko ƙafa ta yi nauyi, magana tana sarƙewa, to alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ba a jiran gari ya waye, a nemi mota a kai mutum babban asibiti mafi kusa.